Karatun Karaya

Ran Litinin, ana kiran azahar a Bagalam,
injin matsar gyaɗar babana ya yi tari sau biyu,
ya yi shiru.
Sandar da ke juya cikinsa ta rabu gida biyu,
ta uku ke nan tun girbi.

Baba ya ce, "Ƙarhen zamani ne, ɗiyata,
Tanimun ya saida mini ruɓaɓɓe."
Ya ɗauki hula zai tafi kasuwa faɗa.
Na ce, ba ni guntun tukuna in karanta,
ƙarfe ba ya mutuwa bai bar wasiyya ba.

Na wanke bakin karayar da kananzir.
Ga layuka, ɗaya bayan ɗaya,
irin waɗanda Gulbi ke bari bisa rairayi
in ruwa ya janye.
Duk sun faro daga kusurwa guda,
can cikin tsagar da makulli ke zama,
inda mai yanka ya bar lungu mai kaifi
don yana sauri ya tafi gida.
Wajen da ya yi santsi, aikin makonni ne.
Wajen da ya yi kaushi, ɗan kaɗan,
shi ne abin da muka ji da kunne.

Da dare na zauna da bayan kwalin sukari
da fitilar waya.
Na lissafa murɗawa ita kaɗai:
sandar za ta ɗauka, har ta yi dariya.
Na lissafa jan bel da ke tanƙwara ta:
shi ma za ta ɗauka.
Sai na haɗa su a wuri guda, lokaci guda,
na kai su bakin lungun nan,
lambar ta tsallake iyaka
kamar akuyar da ta ga dangar ta faɗi.

Illo ne ya ɗaure bel ɗin tamau,
don yana zamewa in gyaɗa ta yi ɗanye.
Kuma tsakanin boris da inda bel ke ja
akwai taƙi guda da bai kamata ba.
Kowane juyi, bayan sandar ya miƙe, cikinta ya matse,
kafin ƙiftawar ido su yi musaya.
Sau nawa ke nan daga hantsi zuwa la'asar?

Baba ba ya karanta lamba.
Da safe na sayo rake a bakin tasha.
Na ce ya ja. Ya ja, bai tsinke ba.
Na ce ya murɗa. Ya murɗa, sai ƙara kawai.
Na ɗan zaga gaɓar da wuƙa,
na ce, to, tanƙwara kana murɗawa.
Ruwan raken ya fantsamar masa a gemu.
Ya daɗe yana duban hannunsa.
Ya ce, "Ashe na ci alhakin Tanimun."

Mun matso da boris kusa.
Mai yanka ya zagaye lungun, ya goge,
ya karɓi jika bakwai yana gunaguni.
Illo ya sassauta, ya shanya gyaɗa kwana biyu ƙari.
Mai ya dawo, matan ƙuli sun dawo da kwanukansu.

Amma jiya na leƙa bayan isha'i,
na ga Baba a kan buhu,
hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana ƙirga:
kuɗin wuta, bashin gyaɗar Jiratawa,
maganin Inna, rajistar makarantata.
Kowanne shi kaɗai, na sani, zai ɗauka.
Na tsaya a bakin ƙofa da alƙalami a hannu,
ban san inda lungunsa yake ba.
Na dafa masa shayi.