Mudun Baba

Shekara arba'in Baba yana awo a 'Yar Kutungu,
gero, dawa, wake, da tiya ɗaya mai lotsattsen baki.
In ya cika ta, sai ya ƙara tafi guda,
ya ce hannun da ya tauye mudu
shi zai fara ba da shaida gobe ƙiyama.
Yau hannun nan ne kwance a cinyarsa, ba ya motsi,
ni kuma aka bar wa awo.

Takardu biyu na shimfiɗa a tabarma.

Ta farko daga gidan da ke hanyar Dutsin-ma:
tayil har banɗaki, janareta ba ya tari,
likita na leƙowa Litinin da Alhamis.
Dubu ɗari da tamanin duk wata,
ban da magani, ban da ƙunzugu,
ban da man motar kai shi asibiti.
Yarinyar da ta zaga da ni akwai fara'a,
amma da wani tsoho ya ƙwala kira daga ciki
sai ta ce, “Lamba bakwai ne, haka yake yi.”
Har na fito ban ji sunansa ba.

Ta biyu rubutun biro ce, daga Ƙofar Durɓi,
gidan Hajiya Tasalla, tsohuwar nas.
Dubu casa'in da biyar. Mutum uku a ɗaki,
fanka ɗaya tana gurnani,
silin na ɗauke da tabon damunar bara.
Na shaƙi iska da gangan, kamar mai sayen daddawa:
akwai ɗan zarni, ba zan ɓoye ba,
akwai kuma ƙamshin kunun tsamiya.
Wani saurayi, Nalado, na durƙushe
yana yanke wa dattijo farce,
suna musun kuɗin rago zamanin fam da sule.
Na ce, Hajiya, in numfashi ya sarƙe tsakar dare fa?
Ta ce, “Sai mu tayar da mai Napep na maƙwabta.”
Ba ta yi mini ƙarya ba.
Na rasa ko godiya zan yi.

Albashin malamin firamare
ba ya ganin ashirin ga wata.
Lantana ta bugo daga Funtuwa,
za ta riƙa turo arba'in, in kasuwa ta yi.
Saura gonar Ajiwa.
Dillali ya yi mata kuɗi, na zauna na raba:
shekara biyu a gidan tayil,
huɗu da 'yan watanni wajen Hajiya.
Sai alƙalamin ya tsaya.
Wane ɗa ne ke raba gona da kwanakin ubansa
ya ja layi, ya ce ga inda lissafi ya ƙare?

A ƙofar masallaci an fara,
wai ɗan halak ba ya kai ubansa ajiya.
Cikinsu ba wanda ya san yadda yake wuni a jiƙe,
fuska a bango, ya hana surukarsa shigowa,
yana jiran a tashi makaranta in dawo.
Ba wanda ya ji ƙarar ƙuguna
daren da muka faɗi tare a bakin ƙofar wanka,
yana ba ni haƙuri da rabin baki.

Bayan isha'i na karanta masa duka biyun,
ban rage sifili ko ɗaya ba.
Ya daɗe yana kallon tiyar da ke rataye a ƙusa.
Sannan ya ce, a hankali, yawu na bin haɓarsa,
“Sada, in gefen nan ya gaji,
wa zai juya ni?”

Na duba ta farko. Na duba ta biyu.
Ba a rubuta kuɗin wannan ba.

Gobe zan koma gidajen nan,
ba da hantsi ba, lokacin da aka share tsakar gida
aka fesa turare don baƙi.
Ƙarfe biyun dare zan je, da fitilata,
in ƙwanƙwasa,
in ga wanda ke farke.