Ƙidayar Kwarin Bado

Takarda ta zo daga Damagaram ranar Laraba
a aljihun direban da ke ɗaukar mana kanwa:
a ƙirga mutanen gari, a aika kafin wata ya mutu.
Ni ke riƙe da littafin haihuwa da na rasuwa,
ni ke da hatimin da tawadarsa ta bushe tun bara,
sai na hura masa numfashi yake kama takarda.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da rabi.
A rabin, akuyar magajin gari ke kwana.
Ta taga ana hango tabki
kwance cikin gamba, kamar tasa da aka manta a ciyawa.
Bayansa babu kome,
fili, fili, sai goruba uku
da burtalin da ya miƙe zuwa Gure.

Na fara daga gabas, gidan Kallamu masunci.
Ya ce, rubuta bakwai.
Na ce, huɗu nake gani.
Ya ce, ukun suna Agadas, amma ga komarsu a rataye,
wanda ya bar koma ai bai bar gari ba.

Gida na biyu, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗaki.
Na yi sallama duk da haka.
Ƙadangare ya gyaɗa mini kai sau biyu.

Iya Cima ta ajiye rariya, ta kama hannun rigata.
Harisu fa?
Shekara tara ke nan a Libiya,
ba murya, ba saƙo, ba wanda ya ce ya ga kabari.
Na ce, littafi biyu gare ni, Iya,
ban san wanda zan buɗe masa ba.
Ta ce, wanda ka buɗe ranar sunansa.
Ta koma tankaɗe, gari na zuba mata a ƙafa.

A lakwal, Mushe Barma ya tare ni da alli a hannu:
yara ashirin da shida gare shi,
in suka kasa talatin, za a kwashe tebura a kai Mirya.
Bai ce in ƙara ba.
Ya dai daɗe yana kallon alƙalamina.

Da la'asar na zauna bakin ruwa in huta.
Falmata na cirar bado, zane ɗaure a gwiwa,
wani yaro bisa gora yana bin tarwaɗa,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai bin bashi.
Sai ƙirinjijiya suka sauko, garke bayan garke.
Hannu ya saba, na shiga ƙirga su,
na kai ɗari shida, suka tashi, lissafi ya watse.
Su ma baƙi ne rabin shekara,
ba wanda ya taɓa ce musu ba ƴan nan ba ne.

Daren Lahadi na haɗa jimla a hasken cocila:
ɗari uku da sha ɗaya masu kwana a gari,
tamanin da huɗu waɗanda ake rufe wa tuwo
ko an san ba za su zo ba.
Takardar kuwa gurbi ɗaya ta bari,
ɗan ƙarami, ko babban yatsa ba zai shiga ba.

Wajen asalatu guɗa ta tashi daga gidan Tsahara.
Mace ce, in ji ungozoma, mai yawan gashi.
Na kankare ɗaya, na sa biyu.
Sauran tamanin da huɗun na jera su a baya
da suna, da sunan uwa, har Harisu.

Direba ya ninke ta, ya cusa ƙarƙashin hula.
Motar ta bi gefen tabki tana tangaɗi da buhunan kanwa,
ni kuma na koma in kori akuya
daga kan littafin haihuwa.