'Yan Littafin Adda Kande

A taron tsofaffin ɗalibai a Yalwa
an kira injiniyoyi, suka miƙe.
An kira 'yan ƙwallo, 'yan muhawara, 'yan Dass, 'yan Katagum,
kowace ƙwarya ta sami abokiyar burminta.
Ni ina kujerar baya da ruwan leda a hannu,
ina jiran a kira tawa.

Habila ya zungure ni da gwiwar hannu:
"Mu fa, Maikano? Mu da muka ci bashi?"

Na yi dariya, dariyar ta maƙale.

Rumfar Adda Kande, bayan ɗakin kwanan maza,
langa-langa uku da benci mai ɗingishi,
shinkafa da wake, manja, yaji mai sa hawaye,
da littafi mai shuɗin bango wanda mai ya jiƙa gefensa.
Ba ta yi boko ba, zane take yi:
Habila tabarau, Rifkatu kitso biyu,
ni kuwa kunnuwa, zara-zara kamar na zomo.
Ƙarƙashin kowa layi-layi, kamar kunyar gero.

Ranar digiri mun wurga hula sama,
mun fice ta ƙofar gaba.
Rumfar tana baya.

Daren taron muka kafa tamu
a teburin mai shayi a Wunti, mu bakwai.
Ba shugaba, sai ma'aji.
Sharaɗin shiga ɗaya: ka tuna nawa ake bin ka.
Kafin wata ya mutu mun kai arba'in da ɗaya,
har da wani lauya da ya bugo tsakar dare,
muryarsa na rawa: "Kwano sittin. Ko saba'in."

Rumfar ta zama shagon cajin waya.
Muka bi tambaya har Bayara,
muka same ta tana ɓarar gyaɗa, ido ya yi hazo.
Ta shafa kaina, ta kama kunne:
"Zomo! Ka yi ƙiba."
Littafin fa?
"Na hura wuta da shi, wata damina da itace ya jiƙe."
Ta ture ambulan da bayan hannu.
"Yunwar ta gama karatu ne, da kuka gama?"

Yanzu tukunya na tafasa a bakin katanga,
jikarta Lantana ke riƙe da ludayi.
An sayi sabon littafi, shuɗi.
Ɗalibi ya ci, ya wanke hannu, ya wuce aji,
a ja layi ƙarƙashin kunnuwana.