Tsinken Ashana

Kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba a kwarin Rhondda.
Na zo da sassafe in ba Eirlys Probert maganinta,
na tarar da ita tsaye a kicin da rigar barci
tana cusa tsinken ashana a tsagar bango.

Bara, in ji ta, tsinke ɗaya ke cike tsagar.
Da kaka ya koma biyu.
Yau ta jera huɗu, har da sauran wuri.

Na leƙa taga. Tudun na nan a bayan gida,
kore shar, tumaki na kiwo a kafaɗarsa
kamar bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.
Ta ce, “Kada ciyawar ta ruɗe ki, ’yar nan.
Ubana da mijina suka tono shi daga ƙarƙashin ƙasa,
tarkacen kwal ne da kamfani ya ƙi.
Abin da aka tara da shebur ba shi da saiwa.”

Ni da na tashi inda ake roƙon ruwa,
a fita fili, a juya riga, a ɗaga hannu sama,
yau ga ni ina jin saukarsa a kan rufi
kamar sallamar mai bin bashi.

Ran Talata ma’aikata suka zo da hular kwano,
suka kafa turaku, suka auna, suka bar takarda:
a tashi kafin Juma’a.
Ta ɗora butar shayi a kai.

Ƙofar banɗaki ta daina rufuwa, ba ta kula ba.
Turken lantarki ya rusuna, ta ce dama can haka yake.
Amma rafin da ke bi ta gefen coci,
wanda jiya ya yi baƙi ƙirin,
yau ya yi tsit.
Ta daɗe tana kasa kunne.
“Ruwan da bai fito ba yana ciki,” ta ce.
“Miƙo min kwat ɗina.”

Cikin dare, muna kwance a zauren makaranta,
muka ji ƙasa ta yi gyaran murya.

Da gari ya waye aka ce laka ta shanye lambu,
ta shiga kicin ta taga, ta tsaya a bakin matakala.
Eirlys ta juya kwalin ashana a tafinta.
Ba ta tambayi gidan ba.
Ta ce, “Tumakin fa?”