Kunkurun Apapa

Mu muka raɗa masa suna Kunkuru,
don a ƙasa yake rarrafe, faffaɗa, ba wuya,
tan guda na madarar gwangwani a gadon baya,
ba gammo, ba nishi, ba jiran "sannu da aiki".

Shekara tara ina dako a wannan sito.
Kowace kwana, da gwiwata na san ta.
Ta hagun har yau tana tuna wata Laraba
da Sallau ya yi ribas da motar ɗaga kaya
yana waya da mai gidan haya,
bai gan ni ba sai da ya ji ni.

Shi wannan ba ya waya.
Wani abu kamar kofin shayi ne a goshinsa,
yana juyi dare da rana,
yana watsa hasken da idona ba ya kamawa.
Injiniya Morenike ta zana mini a bayan kwali:
haske ya tafi, ya bugi abu, ya dawo,
shi kuma ya ƙirga jinkirin.
Nan ginshiƙi. Nan buhu. Nan ƙafar mutum.
Inda haske ya gaza sai ya ari dabarar jemage,
ya jefa ƙara siririya, ya kasa kunne.

Shingaye biyu ne a gabansa, ba mai ganinsu.
Taka na waje, ya rage sauri yana ƙyaf-ƙyaf da fitila.
Taka na ciki, ya ƙame.

Daren jiya bayan Isha
na manta butata a tsakiyar layi na bakwai,
shuɗiya, ta roba, mai tsagaggen baki.
Ya taho da kayan miliyoyi,
ya tsaya taki uku kafin ta.
Ya jira.
Da ya ga butar ba ta da niyyar gusawa
sai ya ja baya, ya sake lissafin hanya,
ya ratse ta gefe a hankali
kamar mai wucewa ta gaban surukai.

Na yi dariya ni kaɗai, sai dariyar ta maƙale.
A garin nan wa ya taɓa ratse mini?
Danfo a Oshodi kafaɗata yake gogewa ya wuce,
direban tirela kuwa, daga can sama,
ko hulata ba ya hange.

"Ba ladabi ba ne, Malam Ilu, lissafi ne.
Kai da kwali duk ɗaya kuke a wurinsa."
Na ce to, Injiniya, ko a haka an ci gaba,
da can kwalin ya fi ni.

Sai dai ba a yabon ɗan kuturu
sai ya shekara arba'in da yatsa.
Ran da ruwan Legas ya yoyo ta kwano
ya kwanta a siminti kamar madubi,
Kunkuru ya ga abin da babu,
ya tsaya rabin awa yana kukan neman agaji.
Leda garai-garai da ta reto daga kanta,
sai da ta taɓa masa hanci ya san da ita.
Gishirin iskar teku da hayaƙin janareta
kullum suna yi masa yana a ido.

Mu goma sha biyu ne a da. Yau mu huɗu.
Sallau na yankan rake a ƙarƙashin gadar Ijora.
Kunkuru bai taɓa shi ba, ko gefen rigarsa.
Ba a ƙera shingen da ke hango
irin wannan karon ba.

Aikina yanzu tsumma ne mai laushi.
Kowace asuba, kafin jiragen ruwa su yi ƙugi,
in durƙusa a kan gwiwar nan mai ƙorafi
in share masa ido.
Na san abin da yake gani:
wani abu, tsawon kamu biyu, a kan hanya,
bai san sunansa ba.

Amma yana jira har in miƙe.