Lamba Arba'in da Ɗaya

Kakata Barira ba ta taɓa cewa kabari ba.
Cewa take, “inda suka ajiye mini ita.”
Sai da ta kwana uku ko koko ba ya wucewa
sannan ta ce in turo ƙofa,
ta kwance bakin zane, ta fito da safa
ƙafa ɗaya, ta ulu, ba ta kai tsawon yatsana ba.

“Kafin kakanka,” in ji ta, “ina wanki a kwatas ɗin reluwe.
Na haihu ranar Laraba, na ce Larai.
Uban ya faɗi wani abu mai kama da haka.
Wata bakwai ta yi. Zazzaɓi, da damina, shekarar fara.
Suka sa ta a akwati kamar kayan jirgi,
ni kuwa aka ce in tsaya bayan waya.
Akwai tsamiya. Daga gindinta na ƙirga takun masu ɗauka,
goma sha tara, suka sunkuya.”

Gadona ke nan, ba a kira alƙali ba.

A gidan tsoffin takardu na Kaduna
wani akawu mai tabarau ɗaure da zare
ya turo mini littafi mai warin tsohon rumbu.
Gara ta riga ni karatu:
ta cinye injiniya biyu da rabin wani soja,
ta ƙoshi, ta bar mini ƙasan shafi.
Na bi layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Lamba arba'in da ɗaya. Laura.
Haihuwa, sha huɗu ga Janairu, talatin da ɗaya.
Rasuwa, Agusta. Zazzaɓi.
Sunan uba ya miƙe ƙafa, har da jela.
Gurbin uwa fari fat, ko ɗigon tawada.

Na juya kalandar waya baya, baya, baya,
har yatsa ya gaji.
Laraba ce.

Mai gadin maƙabartar, Baba Dogara,
ya shuka masara tsakanin Turawa, ya ce ba sa ƙorafi.
Tsamiya? An sare ta da za a faɗaɗa titi.
Ga kututturen can, mai faci na zaune a kai.
Na roƙe shi ya tashi, ya tashi yana kallona.
Na taka goma sha tara,
na tsinci kaina a kan wani kyaftin mai dogon dutse.
Baba Dogara ya jingina addarsa.
“Ɗana,” ya ce, “mai ɗauke da gawar yaro
ba ya buɗa ƙafa haka.”

Na koma. Na rage taku.
Na yi tafiya kamar akwai ƙwai a tafin hannuna.

Ciyawa, ƙarangiya, fasasshen kwalba,
sai adda ta yi ƙara.
Dutse ne bai fi allo ba, kwance da ciki.
Muka birkice shi, tururuwa suka kwashe 'ya'yansu.
Huɗu da ɗaya a ƙasa.
A sama baƙi biyu, LA,
sauran ya tafi da ɓallin da ya tafi.

Ban san me ake karanta wa irinki ba.
Na yi sallama. Na ce, Goggo, ni ne,
ga furfura a gemuna, ke kuwa ko haƙori.
Uwarki ta ce in gaya miki ba tafiya ta yi ba,
waya ce.

Na sa safar a gindin dutsen, na sake ɗauka,
na sake sawa.
Can wajen gada jirgi ya yi kuka.
Na tsinci gawayi inda aka gasa masara,
na durƙusa, na ƙarasa abin da ya ɓalle:
RAI.

Baba Dogara ya dubi gabas, ya ce hadari,
kafin magariba zai wanke.
Na ce ya ajiye mini gawayin.