Yashin da Ya Manta Sha

Janairu a Perth, rana ta zauna daram bisa rufi.
Kwana biyu a mako aka yarda mu yi ban-ruwa,
namu Talata da Asabar.
Na buɗe famfo tun asuba,
ruwan ya dunƙule kan yashi kamar a bayan agwagwa,
ya gangare kwata.
Na tona da yatsa: a bushe ƙamas.

Nerida ce mai kula da ciyawar nan.
Wata tara ke nan da kai ta makwanci.

Dragan ya leƙo ta kan shinge
da buhun wani gari mai kama da tsaki.
"Yashi in ya daɗe da ƙishi," ya ce,
"sai ya manta yadda ake sha.
Barbaɗa wannan. Dangin sabulu ne,
lallashi kawai yake yi."

Na barbaɗa. Ran Asabar kumfa ta ɗan taso,
sannan ruwan ya nutse,
ba gardama.

Ciyawar ba ta yi kore ba tukuna.
Amma da ya ce in zo shan shayi da yamma,
yau ban ce ina da aiki ba.